Na bar Yaya Maiwada ya wuce ni a fili

Malama Hindatu, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Abin nan ya hana ni karatu, kuma duk wanda zan faɗa wa a nan Riyad, kafin gobe maganar ta isa kunnen mai ita. Na san za ki ce tamaula ce kawai. Ni ma haka na ce da farko.

Ni ɗalibi ne a wata kwaleji a nan, shekarata ta biyu. Kwalejin na da ƙungiyar ƙwallo, kusan rabinmu 'yan Najeriya da Nijar ne. Tsohon mai horar da mu bai taɓa wahalar da kansa da zaɓe ba, mu muke shirya kanmu. Tsarinmu kuwa sananne ne: wanda ya riga zuwa ƙasar shi ke fara shiga fili, na baya ya zauna a benci har babba ya gaji ya ɗaga hannu. Ba wanda ya rubuta dokar nan, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Bana aka kawo sabon mudarribi, wato mai horarwa, wani Bamisire mai littafi a aljihu da agogo a wuya. Bai tambayi wane ne ya girmi wane ba. Ya ce kafin zafi ya shigo zai raba mu biyu, masu jar riga da masu fara, mu kara da junanmu sau biyu, daga nan ya fitar da mutum goma sha shida da za su buga gasar kwalejoji.

To, akwai Yaya Maiwada. Ɗan garinmu ne, abokin wana, shekararsa bakwai a ƙasar nan. Shi ya tarye ni a filin jirgi. Shi ya yi ta sintiri har ikamata, wato takardar izinin zama, ta fito. Wata uku ina zaune a ɗakinsa a unguwar Shumaisi, da zazzaɓi ya kayar da ni shi ya dama mini kunu. Ko takalmin da nake bugawa da shi nasa ne. Shi ne lamba tara ɗinmu. An ce a da ba a iya tare shi, amma yanzu ya haura talatin, gwiwarsa ta dama kullum a ɗaure, kuma bana zai gama karatu ya koma gida.

Ni mai tsaron baya ne. Ranar wasan farko mudarribi ya nuna ni ya nuna shi, wato ni zan tsare shi. Filinmu na ƙasa ne, gefen inda ake ta gina sababbin benaye, leburori sun jeru a kan bulo suna kallo, ga 'yan gida da yawa sun zo. Ƙwallon farko na riga shi isa. Har na ɗaga ƙafa. Sai na ga fuskar da nake durƙusa wa kowace safiya, wallahi ƙafar ta ƙi. Ya wuce. Sau uku haka, ya ci biyu. A na ukun ma har zamewar ƙarya na yi na faɗi, don kada a gane.

Da aka liƙa sunayen wucin gadi, nasa ne a sama, nawa babu. Tun ranar Yaya Maiwada ya zama sabon mutum. Ya kwance ɗaurin gwiwar, ya ce ya warke. Ya rubuta wasiƙa gida. Abin da ya fi ƙona mini rai, har ɗakina ya zo ya dafa ni ya ce kada in damu, zai koya mini yadda ake tsaron ɗan gaba. Inuwa golanmu kuma ya gane komai, ya daina yi mini magana, don ƙwallayen nan biyu a kansa aka rubuta su.

Ranar Alhamis ne wasa na biyu, kuma ni da shi aka sake haɗawa. In na taka da gaske na san ko ƙwallon ba zai taɓa ba, kuma a gaban jama'a. In na sake yin abin da na yi, na fita ke nan, alhali a garin nan in kika cire masallaci, filin nan ne kaɗai inda nake mance cewa ni baƙo ne. Mahaifina bai raine ni don in kunyata wanda ya ciyar da ni ba. Yaya zan yi?

Mai Tsaron Baya, Shumaisi

*

Ƙanena Mai Tsaron Baya,

Ban taɓa shiga filin ƙwallo a garin nan ba, kuma kai ma ka san dalili, ba wurin mata ba ne a nan. Amma na daɗe ina kallon maza suna yi wa juna ƙarya don ladabi, wannan kam ba ya bukatar tikiti.

Ba zan yi maka dariya ba. Ƙafar da ta ƙi ɗaguwa a kan mutumin da ya dama maka kunu ƙafar ɗan mutunci ce. Tsarinku na benci ma yana da amfaninsa, shi ya sa baƙi nesa da gida suka yi shekaru suna wasa ba faɗa. Sai dai tsarin ya yi aiki ne saboda kowa ya san da shi. Bamisiren nan bai sani ba. Abin da ya gani shi ya rubuta, kai kuma ka nuna masa abin da babu.

Duba wanda ladabinka ya faɗa wa. Inuwa ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Yayanka kuma ya kwance gwiwa saboda lafiyar da kai ka ƙirƙira masa. A gasar kwalejoji wani ƙaton da bai taɓa shan kununsa ba ne zai tare shi, kuma ba zai duba fuska ba. Kana so ya koma gida da labarin ƙwallo biyu ne, ko da sanda?

Wani abu kuma. Ka ce ka san ko ƙwallon ba zai taɓa ba. Ina ka sani? Kai kaɗai ka zauna ka yanke cewa ya tsufa, ka tausaya masa ba tare da ya roƙa ba. Da za a ba shi zaɓi tsakanin a tare shi da a tausaya masa, ina jin ka san wanda zai ɗauka.

Duk da haka kada ka je ka tona masa abin da ya faru a wasan farko. Kai za ka ji sauƙi, shi kuma ka ƙwace masa ranar da ya fi jin daɗi a bana. Mai yiwuwa ma ya sani. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana ƙwallo yakan gane ƙafar da aka janye.

Ya ce zai koya maka tsaro, ko? To karɓi tayin. Ka same shi Talata da Laraba bayan la'asar, ka saurara da gaske, za ka yi mamakin abin da ya sani. In kun gama ka gaya masa cewa ranar Alhamis za ka yi aiki da darasinsa a kansa, ba sassauci, kuma kana neman ya sa maka albarka. Ka roƙe shi ya mayar da ɗaurin gwiwar. Kafin nan ka nemi Inuwa ka ba shi haƙuri, gajere. Mudarribi kuwa kada ka ce masa komai, ƙafa yake karantawa.

A fili ka bi ƙwallo, ka bar masa gwiwarsa. In ka tare shi, ɗalibinsa ne ya tare shi, kuma zai riga kowa faɗin haka. In kuma ya yanke ka ya wuce duk da ka taka iya ƙarfinka, ka zauna a benci da zuciya ɗaya, ka koyi abin da ya saura.

Allah ya tsare ƙafafunku duka biyu, ya kuma bar zumunci.

Hindatu