Ina Ɗakin Tiyata Kika Haihu

Jambutu, Garwa
Juma'a, bayan la'asar

Zuwa ga Iyatu, sanyin idona, inuwata a zafin Garwa, ruwan randar da aka rufe da faifai tun safe! Ya ke wadda in ta yi murmushi gidan nan kan haskaka har lungun da ake ajiye gawayi, amaryata ta jiya, uwar 'yata ta yau: gaisuwa mai tarin yawa, da barka da sauka lafiya. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya raya abin da ya ba mu. Ki gaishe mini da Innarki da duk mutanen gidanku na Dugoi, can Marwa.

Yayanki Dawuda zai taho Marwa da motar safe, shi ya sa na ce bari in ba shi wannan takarda, tunda waya ta kasa mini. Duk sanda na kira sai ki ce lafiya lau, ki ce yarinya na barci, ki ajiye. Muryarki ta gajarce, Iyatu. Ta zama kamar mayon Marwa, kogin garinku, da rani: ga hanyar ruwan nan shimfiɗe, amma yashi kawai ido ke gani. Na san ruwan na ƙasa. Ki bar ni in tona a hankali, in gaya miki inda nake ranar Litinin, lokacin da kike kiran sunana ban amsa ba.

Kin tuna yammacin nan na kakar bara, a tsakar gidanmu, ƙarƙashin dogonyaro? Ranar da na shigo da kwalin sabulu na huhhuda shi, na cusa wayata ciki tana turo hoto a tsohuwar kwamfutata, na zura dogayen ƙarafan nan biyu masu baki kamar na tsuntsu? Ke kika jefa mini ƙwayar gyaɗa ɗaya, kika ce in ɗauko. Wayyo ni! In kai hannu dama, bakin ƙarfe ya nufi hagu. In ce na iso, ashe da saura, don hoton ba ya nuna zurfi. Har aka kira magariba ina korar gyaɗar nan daga kusurwa zuwa kusurwa, kina dariya har ɗankwalinki ya zame. Hasken yamma ya sauka a wuyanki kamar zuma a bakin ƙwarya, ni kuwa na rasa wanne zan kalla, ke ko aikina. Daga baya ke kike ajiye mini fatar kaza in koyi ɗinki a cikin kwalin, kina cewa tunda aka haife ki ba ki taɓa ganin namijin da ke ɗinke kaza bayan an yanka ta ba. Ko akwai makarantar da ta kai wannan daɗi a duniya?

Kin san abin da ya hana ni sakat. Tsofaffin nan ne da ke cika mana lopital, asibitin da nake aiki, waɗanda ƙullutun bakin mafitsara, furostat, ya kumbura ya tare musu fitsari. Dattijo mai kwarjini, ka gan shi yana ɓoye jakar roba ta fitsari a ƙarƙashin babbar riga, idonsa a ƙasa. Yadda aka koya mana shi ne a tsaga mara, jini ya zuba, mutum ya yi ta kwanciya. Sabuwar hanyar kuwa, wadda muke ce wa selyo, 'yan huji ne kamar kan ɗan yatsa: a hura ciki da iska, a zura kyamara da ƙarafa, a yi aikin ana kallon allo. Amma hannu ba ya iya ta da karatu kawai.

Dokta Clémentine, malamarmu da ke zuwa daga Duwala lokaci zuwa lokaci, ba ta ba ni ƙarfe ba a zuwanta na farko. Kyamara kawai na riƙe mata, kafaɗata na zogi, tana cewa in matsa, in ja baya, in goge gilashi. A zuwa na gaba ta bar ni in huda in rufe. Daga nan ta ba ni ɗinki ɗaya, sai biyu. In mun gama sai ta zaunar da ni mu kalli hoton aikina, tana nuna mini duk inda hannuna ya yi yawo a banza. Sau da yawa na dawo miki jikina a sanyaye, ki miƙo mini folere, zoɓon nan mai sanyi, ba ki tambaye ni komai ba.

Da zuwanta na bana ya faɗo a watan haihuwarki, ke da kanki kika ce in zauna, ai da sauran lokaci. Na yarda, ke ma kin yarda. Ashe yarinya ba ta ji shawararmu ba!

Mutumin da aka sa mini in yi wa aiki sunansa Baba Eugène, manomi ne daga duwatsun wajen Kolofata. Tashin hankalin can ya raba shi da gonarsa, ya dawo wurin 'yarsa a nan Garwa, ga kuma wannan ciwo. Na zauna a bakin gadonsa na gaya masa gaskiya: ni mai koyo ne, ban taɓa jan aikin nan daga farko ba, malamata za ta tsaya a gefena, kuma yana da damar ya ƙi. Ya kalle ni, sannan ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Ɗana, in madam tana tsaye, yi. Na gaji da roba. Ko coci ba ni zama, wari yana kore mutane." Iyatu, tsoho ya ɗauki jikinsa ya ɗora a tafin hannuna. Ta yaya zan ajiye?

Da hantsin Litinin muka shiga. Na kashe waya na kulle ta da kayana. Da kyamara ta shiga, allo ya buɗe, sai na ji kamar na nutse a wata duniya marar ƙara. Ruwan hoda da rawaya, 'yan jijiyoyi sirara suna rarrabuwa kamar hannayen kogin Binuwai in ka hango shi daga kan dutsen Tingilin bayan ruwa ya ɗauke. Komai na motsi a hankali da numfashin tsohon. Na yi bismilla na fara, kuma hannuna ya bi ni, ya bi ni kamar bai taɓa yi mini gardama ba.

Sai jini ya ɓalle. Allo ya yi ja wur, ban ga komai ba. Na fara cafke-cafke a makance. Malama ba ta taɓa ni ba. Ta ce a hankali: "Bilya, danna wurin. Numfasa. Yanzu tsotse, ka duba." Na danna, na numfasa, na duba, sai ga 'yar jijiyar tana tsartuwa. Na kama ta, na ƙone bakinta, allo ya washe.

Can gaba kuma na iso inda ƙullutun ya manne, na rasa hanyar da zan bi in ɓare shi. Na gwada, na sake gwadawa. Wata murya a cikina tana cewa ci gaba, yau ranarka ce, kowa na kallo. Amma na tuna ba fatar kaza ba ce a gabana, mijin wata ne, uban wata. Na ce, "Madam, karɓi." Ta karɓa ta wuce wurin cikin natsuwa ina kallo, sannan ta mayar mini da ƙarafan, na ƙarasa, na ɗinke mafitsara da kaina. Da muna wanke hannu ta ce mini ba ɗinkin ne ya sa ta yarda da ni ba, wannan "karɓi" ɗin ce.

Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ina ɗokin in ba ki labari. Na kunna waya. Kiran Inna, kiran Inna, kiran Dawuda, kiran Inna. Sai saƙon murya, na danna, na ji wani ɗan siririn kuka da ban taɓa ji ba, amma jikina duka ya gane shi. Na zame na zauna a ƙasa da koren kayana. Inna ta ce naƙudar ta zo da wuya, ta ce kin yi ta kiran sunana har kika manta da kunyar idonta. Ya hasken raina! Kina can tsakanin rai da ajali kina nemana, ni ina nan na sunkuya a kan wani! Da me zan auna wannan? Wace kalma ce za ta isa?

Na so in kamo hanya a ranar. Amma da yamma zazzaɓi ya rufe tsohon, fitsarinsa ya ƙi washewa, kuma wanda ya yi aiki ba ya juya baya ga aikinsa. Na zauna, jikina a Garwa, sauran duk a Dugoi. In na rufe ido sai in gan ki a ɗakin Inna, hayaƙin turare na zagaya ki, gashinki a kwance, wata 'yar halitta a ƙirjinki wadda ban san kamanninta ba sai a hoto. Wa ta ɗauko? An ce goshinki ne. Allah ya sa har dariyar.

Yau da safe muka cire masa robar. Ya shiga bayi ya daɗe, muna tsaye cirko-cirko. Sai ga shi ya fito yana dariya, hawaye na bin gemunsa, yana cewa ya zo, ya zo da kansa! Matarsa Mama Georgette ta rangaɗa guɗa har masu jinya suka leƙo. Da ta ji an yi mini haihuwa ban je ba, ta riƙe baki, ta yi mini faɗa sosai kamar ɗanta, sannan ta kwance ƙullin riɗi ta ce a kai wa mai jego. Yana cikin jakar Dawuda. Ki ci, don Allah, da zuciya ɗaya aka bayar.

Saura magana ɗaya. Malama ta ce in bi ta Duwala jibi in yi wata shida, inda ake irin aikin nan kullum, don hannuna bai nuna ba tukuna, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ce in ban je ba wani za a ba gurbin. Na gode mata, na ce a ba shi. Zan koya a hankali, zuwa bayan zuwa, ko da zai ɗauke ni shekaru. Tsofaffin Garwa za su same ni, in Allah ya yarda. Amma ba zan bari 'yata ta fara zama, ta fara rarrafe, ina jin labari a waya ba. Ba don ki huce na yi ba, farin watana. In kina da sauran fushi ki ajiye mini shi, in zo in karɓa da hannu biyu.

Jibi Lahadi motar da zan hau ta Marwa ce, in kwana can kafin suna. Kada ki tashi, kada ki yi kwalliya, kada ki ce komai in ba ki so. Na san 'yar fari ce, na san a gaban su Inna sai in kau da kai kamar ban san da ita ba. To, ki nemo mana ɗan lokacin da ɗaki zai zama ba kowa, ki saki labule, ki miƙo mini ita. Ban taɓa ɗaukar jinjirin da yake nawa ba.

Naki ne ni, a fushinki da yardarki, a kusa da nesa, har ranar da za a rufe ni da ƙasa.

Mijinki,
Bilya