Saiwar Ciyawar Teku da Tsohon Tsibiri

Zuwa ga matata Daeng Kebo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar taki? Yaya ƙanwarki da mutanen birnin Makassar? Mu nan lafiya lau, sai dai shinkafar da nake dafawa, kaji ma sai sun yi shawara kafin su ci. Ladan ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Jikarki Rosmini ta iso daga jami'a da ƙaton akwati. Na zaci tsaraba ce, ashe ƙananan farantan gilashi ne da fitila. Ba ciyawar tekun da muke nomawa ce ta kawo ta ba, wannan mai ruwan ƙasa da ke yaga mana komar kamun kifi ta zo nema. Ta tara ƙwayayenta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubinta mai ƙara girman abu, ta zuba a farantan, ta jera a ƙarƙashin gidan nan namu mai ƙafafun katako, ta kunna musu fitila ta gefe guda. Wai a kansu za a ba ta takardar gama karatu, ko a hana ta.

Wai kowace ƙwaya tana da zare-zare a ciki kamar azarar ɗaki, da wani ruwa mai kai saƙo, su ne ke taruwa gefe ɗaya su nuna mata inda za ta fitar da saiwa. Wai inuwa take bi, haske take gudu. Na ce ke da aka haifa jiya? Kakana ya faɗa, shi ma kakansa ya faɗa masa: duk ciyawar teku, tsohon tsibirinmu na asali saiwarta ke nema. Shi ya sa muke kafa igiyoyin da muke ɗaure ciyawarmu a kai ta can. Ta ce Kaka, ciyawa ba ta da dangi. Kin ji tarbiyyar birni.

Farantan kuma duk a karkace ta jera su. Kada ki damu, ina lura.

Mijinki, Daeng Ngalle

Daeng Kebo,

Sallama da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Kafin wani ya kawo miki magana a murɗe, ga yadda abin yake.

Kowane faranti ta yi masa jan alama. In ta fita duwatsun bakin teku da safe, sai in juya alamar ta kalli tsibiri, yadda ya dace. In ta dawo ta mayar, tana zagin kaji. Washegari in sake. Da ta duba a madubi, saiwoyin sun watse ko'ina kamar gashin maƙwabcinmu Daeng Tompo a cikin iska. Shi ɗin ne ma, baki kamar buhu, ya ce mata kajin nan naki suna sa hula, suna zuwa masallaci.

Ba ta yi mini faɗa ba. Zama ta yi a kan tsani tana kuka, ga gasasshen kifi ta ƙi taɓawa. Sau ɗaya ya rage ciyawar ta zubar da ƙwai kafin iskar yamma ta taso. In ya wuce ta, sai baɗi, ƙawayenta duk sun gama.

Ni gyara na yi, ban ɓata ba. Amma tun ranar kofi ba ya yi mini daɗi. Ki yi mana addu'a.

Naki, Daeng Ngalle

Daeng Kebo, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida masu jinya.

Ciyawa ta zubar da ƙwai. Rosmini ta kawo mini kofi da soyayyar ayaba, ta ce Kaka, mu yi gasa. Za ta sa fitilar ta ɓangaren tsibiri. In saiwa ta nufi can, za ta rubuta sunana a littafinta. In ta juya baya, in faɗa da bakina a ƙofar masallaci. Sharaɗi ɗaya, kada hannu ya taɓa faranti.

Na ɗauko sanda na zauna gadi. Kaza ba ta giftawa. Daeng Tompo ya zo leƙe, na ce tsoho, ƙafarka ɗaya ta ƙara matsowa ka koma gida da ɗayar. Ita kanta Rosminin sai da ta nemi izini.

Jiya ta kira ni in sa ido a madubi. Kebo, ga su nan reras kamar sahun salla, kowacce ta ba tsibiri baya. Yarinya ta yi tsalle, ta ɗauki hotuna, ta rungume ni har hulata ta faɗi. Karatunta ya tsira.

Na cika alkawari bayan Juma'a. Na miƙe na ce jama'a, ciyawa ta juya wa tsibiri baya. To, kakanninmu da suka taso daga can, ina suka juya masa? Ba baya ba? Sawunsu take bi. Ashe ta fi mu riƙe tarihi. Daeng Tompo ya yi ta tari har aka ba shi ruwa.

Bana za mu juya igiyoyi. Ki yi sauri ki warke ki dawo, ina bukatar mai shaida cewa haka nake faɗa tun da can. Ladan, daina dariya ka rubuta.

Mijinki mai kewarki,
Daeng Ngalle