Tarin da Na Yi a Bakin Ƙofa

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma ba na ainihi ba ne. Roƙona ɗaya ne, a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin duk abin da za ku faɗa a kaina na riga na faɗa wa kaina.

Ina Funtuwa wurin awon auduga, an ɗora buhuna a sikeli ke nan, sai wayata ta yi ƙara. Yayan matata ne daga Dandume. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Rabi ta cika." Na ce to. Mai awo yana ta faɗa mini nauyin buhu, ni kuwa ina kallon audugar da ta leƙo ta bakin ɗinki. Mutanen wurin sun ɗauka ruɗewa ce ta sa na ƙura mata ido. Ba su san abin da ke tsakanina da auduga ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke kusa da Maska. Bayan ƙauyenmu akwai rafi, bayan rafin kuma akwai 'yar unguwa da muke kira Tsallake, inda kutare suke zaune tun kafin zuwan Turawa. An ce kakan kakana ne ya ba su filin, lokacin da gari ya ƙi zama da su, kuma shi ya fara ajiye musu damin dawa a kan wani dutse a bakin rafin duk kaka, ya juya ya tafi, su fito su ɗauka. Har yau gidanmu bai fasa ba, sai dai yanzu mukan haye mu miƙa hannu da hannu. Da wannan aka san mu. Tun ina yaro mahaifiyata, Inna, take cewa, "Mu masu kai wa Tsallake ne, ba a taɓa kai namu can ba." Ban san ranar da wannan magana ta shiga jinina ba.

A Tsallake akwai wani ɗaki mai rufin kwano da wata ƙungiyar Kirista masu yaƙi da kuturta ta gina. Ma'aikaciyarsu, Malama Saratu, 'yar wajen Malumfashi ce, dattijuwa mai fara'a, duk wata ɗan acaba yake kawo ta. Tana raba magani, tana wanke gyambo, tana ba su takalma masu taushi. Da farko an yi ta surutu cewa addini suka zo canja wa mutane, har liman ya ce magani dai magani ne, a bar su. Wata kaka da na kai dami na tarar da ita a gindin bishiyar bedi tana duba wani mutum, sai na tsaya. Baba Tanko, babban Tsallake, ya hango ni ya ce, "Jikan masu dami! Bana dawar ce ta rame ko hannunka ne ya ƙanƙance?" Na ce, "Baba, kai da ba ka da haƙoran ci, ina ruwanka da girman dami?" Aka yi dariya. Ina nan tsaye na ga yadda take aikin. Ta sa mutumin ya rufe ido, ta murza 'yar auduga ta yi tsini, tana taɓa farin tabon da ke jikinsa. In ya ji, ya ce ya ji. In tabo ba ya jin auduga, to ciwon ne.

Ranar na tambaye ta, cikin wasa, wa yake biyan duk wannan. Ta ce ƙwayoyin kyauta suke zuwa ta hannun hukuma, amma kuɗin acaba da bandeji da takalma da ɗan albashinta, baiko ne na masu zuwa coci. Wasu tsofaffi ne a ƙasashen waje da ba su taɓa ganin kuturu ba, wasu kuma manoma ne irina na wajensu, da ke kai hatsi coci bayan girbi a sayar. Ta ce, "Tsofaffin can suna ta mutuwa, 'ya'yansu kuma sun ɗauka ciwon ya ƙare a duniya. Yanzu manyanmu sun ce duk inda aka daɗe ba a sami sabon mai ciwo ba, za a rufe a kai kuɗin inda ya fi buƙata." Na ce Allah ya kyauta. Na ji maganar sarai, ba zan ce ban ji ba.

Bayan wannan ne na ga tabon a bayan Rabi, ƙasan kafaɗa, fari-fari kamar an goga toka. Ta ce ƙyasbi ne. Na ɗebo auduga a rumbu na ce ta rufe ido. Na taɓa wuyanta ta ce ta ji. Na taɓa tabon, shiru. Na danna, shiru. Ta ce, "Malam, ka fara mana."

Na gaya wa Inna. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ba a gidan nan ba. Ka san da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matarka ake cefane. Wa zai ƙara saye? Wa zai nemi 'yarka in ta girma? In ka kai ta ɗakin can, ban yafe maka nonona ba." Ba na faɗi haka don in ɗora wa Inna laifi ba. Ita magana ta yi. Ni na yi aikin.

Duk shekara Malama Saratu tana bi gida-gida da izinin mai unguwa tana duba fatar mutane. Da aka sanar da zuwanta, na zaunar da Rabi na ce, "Zan tsaya a bakin ƙofa. Duk lokacin da audugar ta taɓa ki zan yi tari, ke kuma ki ce kin ji." Ta ce, "Malam, in ciwon ne fa? An ce in an kama shi da wuri warkewa ake yi." Na ce ƙyasbi ne, ba ke kika faɗa da bakinki ba? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda ka ce." Rabi ba ta taɓa musu da ni ba, kuma da wannan halin nata na cuce ta.

Haka aka yi. Da hantsi ne, 'yarmu Hauwa tana ƙarama, tana zaune a tabarma tana kallo. Malama Saratu ta ga tabon, fuskarta ta canja, ta fito da audugarta. Ta taɓa, na yi tari, Rabi ta ce ta ji. Ta sake, na sake. Sai ta juyo ta dube ni. Na ɗauka asirina ya tonu, amma cewa ta yi, "Maigida, wannan tari naka ya fi tabon matarka damuna. Ka nemi citta da zuma." Ta shafa kan Rabi ta ce, "Lafiyarki lau, 'yata. Ki gode wa Allah." Har ƙuli-ƙuli ta saya kafin ta fita.

Me zan ce muku game da shekarun da suka biyo baya? Na sayo saiwoyi, na karɓo rubutu, na kai ta wurin wani mai magani a Mahuta da sunan sanyi ne ke damunta. Tabo ya zama biyu, ya zama da yawa. Ta koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi. Wata rana na shigo na ji ƙauri, na tarar ta riƙe kaskon suya da hannu tana yi wa Hauwa magana, fatar tana ƙonewa ba ta sani ba. Duk watan duniya ina jin ƙarar babur ɗin da ke kai Malama Saratu Tsallake yana wucewa ta bayan katangarmu. Daga gidanmu zuwa can, tafiyar ba ta kai ta zuwa masallacin Juma'a ba. Me ya hana ni fita in tsayar da shi? Wane irin mutum ne yake jin wannan ƙara ya ci gaba da cin tuwo? Duk lokacin da na yi niyya sai in ce ai yanzu an makara, in na je me zan ce, ina nake tun farko?

A kakar bara tushen kara ya soke ta a tafin ƙafa, ba ta ji ba sai da ta ga jini a takalmi. Ciwon ya ƙi warkewa, ya zurma, ya fara wari. Maƙwabta suka fara tambaya. Sai na kai ta gidansu a Dandume na ce ciwon suga ne, ta yi jinya wurin mahaifiyarta. Gaskiyar ita ce na kai ta ne don kada a gani a gidanmu. Zuwana na ƙarshe, zazzaɓi ya riga ya ci ƙarfinta. Ta ce a ba mu wuri. Na ɗauka za ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba. Sai ta ce, "Malam, na yafe maka nawa. Amma ka riƙa duba bayan Hauwa." Kai kawai na gyaɗa.

Malama Saratu ta zo gaisuwa bayan an yi bakwai. Matan da suka yi wa Rabi wanka sun ga jikinta, magana ta zaga a ɓoye har ta kai kunnenta. Ta same ni a zaure, ta durƙusa daga gefe, tsohuwa da ita. Ta ce, "Maigida, gafara na zo nema. Ni na duba yarinyar nan, ni na ce lafiyarta lau. Tun da na ji ban yi barcin kirki ba. Na daɗe ina wannan aiki, ban san idona da hannuna sun gaza haka ba." Ta share hawaye da bakin gyalenta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ƙaddara ce, Malama." Na bar ta ta tafi da kayan da ba nata ba.

A nan ta gaya mini an yanke shawarar rufe ɗakin Tsallake. Shekaru ke nan ba a rubuta sabon mai ciwo daga yankinmu ba, kuɗi kuma sun ja baya, za a mayar da abin da ya rage wani wuri. Ta ce da an sami ko mutum ɗaya a 'yan shekarun nan da tana da abin faɗa a gaban manyanta, amma ba za ta kai musu zancen gawa da jita-jita ba. Ita ma ta ce ta gaji, za ta ajiye aiki. Zuwanta na wata mai kamawa shi ne na ƙarshe. Da na haɗu da Baba Tanko a bakin rafi bai tsokane ni ba. Ya ɗaga ƙafarsa da ke naɗe da bandeji ya ce, "Jikan masu dami, dawa muna da mai kawowa. Wannan fa, wa zai wanke?"

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da yin shiru har kabarina. Amma a makon jiya Hauwa tana wanki a tsakar gida, zanenta ya zame, na ga wani ɗan fari a bayanta, bai kai tafin hannu ba. Na jira Inna ta fita unguwa. Na ciro auduga na murza, na ce, "Hauwa, zo mu yi wasa. Rufe idonki, in kin ji abu ki faɗa." Na taɓa kunnenta ta yi dariya ta ce ta ji. Na taɓa kafaɗarta ta ce ta ji. Na ɗora a kan farin. Ta yi shiru. Na murza shi a kai. Can sai ta ce, idonta a rufe, "Baba, na tuna wasan nan. Irin na Umma ne. Ai sai ka yi tari sannan in ce na ji."

Na ce a'a, wannan ba a tari, ki faɗi gaskiya kawai. Ta ce, "To ka taɓa mana."

Audugar tana kan fatarta a lokacin.

Na san ba ni ne likita ba, kuma ina roƙon Allah ya sa ba shi ba ne. Amma na taɓa yin wannan roƙon a kan uwarta, na kuma ga inda ya kai mu. In na kai Hauwa wurin Malama Saratu, dole ta tambaya da wa yarinyar ta zauna, dole in faɗi abin da na yi a bakin ƙofa, don ba zan sake barinta da laifina ba. Dangin Rabi za su tabbatar ba suga ba ne, kuma za su san wanda ya hana ta magani. Inna ta riga ta faɗi nata, kuma ba ta janye ba. Hauwa za ta tashi a garin da kowa ya ga an haye da ita rafi. Na yi tunanin in ɗauke ta a ɓoye in kai ta wani asibiti mai nisa inda ba a san mu ba. Amma ɓoyo ne ya kashe uwarta, kuma in na yi haka za a rufe ɗakin a kan ƙaryata, su Baba Tanko su zauna da ƙafafunsu, wata mai irin tabon Rabi a wani gida ta rasa mai zuwa duba ta. Shin akwai tuban da zai karɓu alhali tsohuwar nan tana kwana da zargin kanta? Kuma in na saɓa wa mahaifiyata don hannuwan 'yata, ina matsayina?

'Yan'uwa, musamman malamai da ma'aikatan lafiya da ke karanta wannan shafi, ku dube ni da rahama ku gaya mini ta inda zan fara, da Inna, ko da Malama Saratu, ko da dangin matata. Me zan yi?

Wata ya kusa kamawa. Damin Tsallake na bana yana jingine a zaure, an ɗaure shi tun da aka gama girbi, ban kai shi ba.