Billen Nura

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Maryam da yara. Ya aikin Fatakwal? Mu nan Limawa da sauƙi, Inna ta fara taɓa abinci.

Takarda ta zo daga ƙasar Sifen ranar Talata. Sun tsamo gawarwaki daga teku, suna son mu kwatanta musu fuskar ƙaninmu Nura, ko yana ciki. Da yarensu aka rubuta, sai na zauna da waya ina koyo. Ojos idanu, nariz hanci, cejas gira, mejilla kunci. Ina wanke-wanke ina maimaitawa kamar mai hadda. Ban yi kuka ba, Yaya. Ba na jin komai.

Da na zo gurbin cicatriz, wato tabo, na tambayi Inna ko in sa billensa. Ta ce bille ba tabo ba ne, a cinyarta wanzami ya yi masa ranar suna, don ko ya ɓata a gane ɗan gidanmu ne. Can ta ce, "Rubuta. Kuncin hagu."

Na rubuta, na aika.

Ka gaida mutanen gida. Ka yi mana addu'a, don ni ban san wace amsa zan roƙa ba.

Ƙanwarka,
Hauwa