Tankina Ya Samu Takalmi

Laraba, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, yau hankalina ya kwanta. Tankin ruwan da nake goyawa ina wanke tagogi, gindinsa ya soma cinyewa saboda yawan dire shi bisa siminti. Ga shi tun da farar hula suka karɓi mulki kowane ofis so yake gilashinsa ya yi ƙyalli. In tankin ya tsage yanzu, na shiga uku.

Na kai wa Malam Isa baduku a Ƙofar 'Yandaka, ya ɗinka masa gindi da fata mai kauri.

Da na shigo gida, matata Hajara ta yi dariya. "Malam, goyon naka har da takalmi?"

Na ce, "Shi ka ciyar da 'ya'yanki."

Sai ta ɗauke shi daga ƙasa, ta aza bisa tabarmarta.