Na ba Oga lambar sirrin Malam Garba

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, da fatan damina ta bar kowa lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya tsine mini ya daure ya karanta har ƙarshe, domin ni ma ban bar kaina na huta ba.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishi a Wudil da ke ba da takardar izinin gini. Kun dai ga yadda kuɗin mai ya shigo ƙasar nan, wanda bara ko akuya ba shi da ita bana bulo yake saukewa. Mu ma rabonmu ya iso, aka kawo mana kwamfutoci da manhajar shigar da buƙatun masu gini, kuma da yake ni na karanci abin sai aka damƙa mini. Ni nake buɗe wa kowane ma'aikaci sunansa da lambar sirrinsa, ni nake tsara wanda shigar da buƙata kawai zai iya da wanda yake da ikon amincewa a fitar da takarda. Wanda ya bar aiki ko ya yi doguwar jinya kuwa, ƙa'ida ita ce in rufe sunansa.

Akwai wani dattijo, bari in kira shi Malam Garba. Shi ke zuwa duba fili, sai ya amince takarda take fita. Ga taurin kai, ga shi da yatsa ɗaya yake latsa kwamfuta, kullum muna tsokanarsa yana ce mana 'yan zamani. Ya taɓa hana wani ɗan kasuwa izinin gina gidan haya a bakin kogi, ya ce ƙasar wurin ruwa na cin ta duk damina. Ba a jima ba ya faɗi a gidansa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. To mu a ofishinmu idan ɗan'uwa ya kwanta ba ma kai rahoto sama. Nunawa muke yana zuwa aiki, don kada a taɓa albashinsa ko a yi masa ritayar dole. Rufe sunansa zai tona wannan, saboda haka na bar shi a buɗe, ina ganin lada nake tarawa.

Wata safiya shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Oga, ya kira ni ya ce in canza lambar sirrin Malam Garba in kawo masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai Malam yana kwance." Ya ce, "Ni na ce maka a tsaye yake? Aiki zai tsaya ne don mutum ɗaya ba shi da lafiya?" Na ce to ko in ba wani ikon da sunan kansa. Ya dube ni ya ce, "So kake a tambaye mu ina Garba ya shiga? Kai za ka ciyar da iyalinsa?" Sai na yi. Ba zan ce ban gane ba, domin washegari na gani da idona an amince da filin nan na bakin kogi, da sunan mutumin da ya hana. Me na yi? Na kashe kwamfuta na tafi cin abinci. Wallahi duk sanda na tuna wannan kunyar kaina nake ji.

Aka yi gini, 'yan haya suka tare. A ruwan da aka yi mai ƙarfi kwanan baya ƙasa ta zame, ɓangare guda ya rufta, wata mata da jaririnta suka rasu. Kwamitin bincike ya zo daga Kano, suka buɗe manhajar, ga sunan Malam Garba, ga kuma shaidarmu cewa yana bakin aiki a lokacin. Yanzu a gari cewa ake ya ci hanci ne Allah ya kama shi tun a duniya. Mutanen da suke cika zaurensa da dubiya duk sun ɗauke ƙafa.

Na je gaishe shi a Sabon Gari. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, "Ɗan nan, kai ka san na'urar nan. Tsakaninka da Allah, mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa, yaya aka yi ya sa hannu?" Na ce, "Hajiya, ana dai bincike." Malam ya kafe ni da ido, yana ta kokawa da bakinsa, ba abin da ya fito sai yawu, ta sa gefen mayafinta ta goge masa. Ya sani ne? Ko roƙona yake? Ban iya shan ruwan da aka kawo mini ba.

Oga ya ce mini, "Ba a ɗaure mara lafiya. Ka ja bakinka, kowa ya tsira." Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, amma tsoro ya fi ƙarfina. In na yi magana aikina ya tafi, wataƙila har gidan yari, ga mata ga yara ƙanana, kuma duk abokan aikin da suka rufa wa Malam asiri zan ja su. In na yi shiru, dattijon nan zai koma ga Allah mutane suna ɗora masa jinin da bai zubar ba, ba shi da bakin da zai ce a'a. Matar can da jaririnta fa, ranar gobe ƙiyama wa za su riƙe?

Kwamitin ya kira ni in bayyana gabansu ranar Litinin mai zuwa. An ce Alƙur'ani za su ɗora mini su tambaye ni ko wani zai iya shiga da sunan wani ba tare da na sani ba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?