Fallayen da Na Ɗinke

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule na bakin kara, kasuwar shanun Wudil,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya irin wadda ɗa yake yi wa uba, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama da yalwar makwanci. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda. Amma akwai maganar da na daɗe ina riƙewa, ga shi yau furfurata ta fi wadda ka rasu da ita, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane.

Ka tuna shekarar da gwamnati ta tura ni Zariya karatun digiri na biyu a fannin laburare. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, manyan motoci sai tsallaka gadar Wudil suke yi da siminti, kowa burinsa ɗansa ya zama likita ko injiniya. Mutanen unguwa suka riƙa yi maka tsiya, wai ɗanka ya koma jami'a koyon jera littafi a kan kanta. Kai kuwa murmushi kake yi, ka ce, "Wanda ya san inda littafi yake, ai ya yi rabin karatu."

Littattafanka ba su da ɗinki. Fallaye ne rubutun hannu, gadon kakanmu, kowane littafi a cikin gafakarsa ta fata. Ran Juma'a, ranar kasuwa, da an sauko daga masallaci mutum uku suke nufo zaurenka. Malam Idi daga Kausani a kan kekensa da ake jiyo ƙararsa tun daga nesa, Malam Haruna na Lajawa in ya gama dillancin shanu, sai Malam Buba na Ɗankaza wanda ba ya yarda da fassarar kowa sai tasa.

Ba ka taɓa ba mutum littafi ɗungurungum ba. Falle goma kake zare wa Malam Idi. In ya dawo da su mako mai zuwa sai su koma hannun Malam Haruna, daga nan su faɗa wa Malam Buba. Littafi ɗaya, mutum uku suna bin sawun juna, kowa dole ya zo don na bayansa yana jira. Ku yi ta musu har la'asar sakaliya, Inna tana aiko ƙwaryar fura.

Ni da na sha boko na ƙoshi, sai na ga wannan ɓarna ce. An koya mana cewa littafin da ya rabu gida uku yana bakin halaka, ga gara, ga ruwan sama, ga akuya. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundinsa a kai, ban yi wata-wata ba na zaɓi littattafanka. Na hau sabon babur ɗina na bi Kausani da Lajawa da Ɗankaza ina karɓo fallaye, fuska a ɗaure kamar ɗan doka. Na jera su, na yi wa kowane littafi kati da lamba, na kai Kano aka ɗinke da baƙin bango, aka rubuta suna da ruwan zinare.

Ranar da na ajiye su a gabanka ka daɗe kana shafa bangon. Ka ce, "Sun yi kyau. Allah ya yi maka albarka." Malamaina ma sun yaba, har aka karanta wa na bayanmu babi guda daga kundina. Na yi wata ina tafiya kafaɗa a sama.

Abin da ba a koya mana a aji ba shi ne, ɗinkakken littafi hannu ɗaya yake zuwa. Malam Idi ya ɗauki babban littafin fiƙihu gaba ɗaya, ya riƙe wata uku, ba abin da zai sa ya tako keke duk mako. Malam Haruna ya yi jira har ya gaji. Malam Buba ya ce shi ba zai ɗauki littafi mai zinare ya je ya ɓata shi da hannun noma ba. Ba wanda ya yi fushi da kowa. Zuwan ne kawai ya riƙa raguwa, har ya tsaya.

Na zo hutu wata Juma'a na tarar da kai kaɗai a zaure, tabarmi a shimfiɗe, fura a rufe da faifai. Ka ce kasuwa ce ta riƙe su. Na yarda, domin ina so in yarda. Har na zauna ina nuna maka yadda ake nemo littafi da kati, kai kuwa kana gyaɗa kai kamar sabon ɗalibi. In na tuna wannan yammacin kunya ce take rufe ni.

Daga nan aiki ya yi nisa da ni. Na yi ta jera littattafan mutane a garuruwan mutane. Yanzu na yi ritaya na dawo gida, naka suna nan a kabad lafiya lau, ko gara ɗaya ba ta taɓa su ba, kuma ban da ni ba mai buɗe su.

Baba, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bayan addu'ar bakwai ɗinka Inna ta miƙo min wata gafaka cikin waɗanda na bari wayam. Na ji ta da nauyi. Da na buɗe sai ga sababbin fallaye, rubutunka, ashe littafin fiƙihun nan kake sake kwafewa tun daga farko. Shafukan farko rubutu ƙanana tsaf. Can gaba baƙaƙen suka fara girma, layuka suka fara karkacewa, har ya tsaya a tsakiyar babi.

Inna ta ce shekara biyu ka yi kana wannan aiki, kullum da hantsi a bakin ƙofa inda haske ya fi, ido yana ruwa. Kana so ka sami abin da za ka zare wa Malam Idi falle goma. Ta ce ta taɓa kawo maka reza ta ce ka farke ɗinkin ka huta, aikin minti nawa ne. Ka mayar mata, ka ce, "Aikin yaron ne, da shi aka ba shi digiri."

Ka gwammace ka ƙarar da idonka da ka sa reza a aikina, Baba, kuma ba ka taɓa faɗa min ba. Ni ne na raba ka da abokanka a lokacin da ka fi bukatarsu. Ka yafe min.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka fiye da hasken da ka rasa saboda ni. Allah ya jiƙan Inna da Malam Idi da Malam Haruna da Malam Buba, ya haɗa ku a inda ba a rabuwa. Ni kuma in tawa ta zo, ya sa in cika da imani, in same ka ba ka riƙe ni da komai ba.

Ɗanka mai kewarka,
Habu